Kwanon Romo a Kwatano

Talata: Bunkure zuwa Mokwa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar gida a a-kori-kurar maƙwabcinmu, kakata Inna a gaba, ni a baya da kaya. Tun da na dawo, duk wadda ta tare ni a hanya sai ta ce, Sa'a ba mu labarin teku. Na gaji da maimaitawa. Ga shi nan a rubuce, mai so ya karanta, kada a sake tare ni.

Dalilin tafiyar shi ne wannan. Inna tana da ƙane, Isa, wanda ban taɓa gani ba. Yana saurayi ya tafi Damagaram wajen dangin mahaifiyarsu, Faransawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi yaƙi can gabas, wata ƙasa da ake kira Biyetnam. Da ya dawo, sai ya dawo da mata 'yar can, ya kawo ta har Bunkure. Shekara talatin da wani abu ke nan. Iyayensu sun riga sun rasu, Inna ce a matsayin uwa. Kwana uku da zuwansu baƙuwar ta yi girki irin na ƙasarsu, ta ɗauko da hannunta ta kai wa Inna. Inna ko murfin kwanon ba ta ɗaga ba, ta sa aka mayar mata. Washegari Isa ya ɗauki matarsa suka bar garin, bai sake takowa ba.

Watan jiya wasiƙa ta zo daga Kwatano. 'Yarsa Maryama ce ta rubuto, ni na karanta a tsakar gida. Isa ya rasu tun wata huɗu. Matarsa tana nan, tana da gidan abinci a kusa da teku.

Inna ta kwana biyu tana juya maganar. A na uku ta kira Baba ta ce, "Zan je in ci abincin matar nan."

"Ta'aziyya dai, Inna," in ji Baba.

"Abinci na ce."

Ni aka zaɓa in raka ta, don na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ina ta faɗa da kowa a gida, kuma ina iya karanta allon hanya. Da Baba zai sallame ni abu ɗaya ya ce: "Sa'a, ki riƙe bakinki." Na ce to, don a bar ni in tafi.

Hanyar ta bi gefen babban kanal ɗin da ke kawo ruwan Tiga. Gari bai waye ba, amma ruwan yana da nasa ɗan hasken, yana tafiya a hankali kamar mai tafiya cikin barci. Alkama ta fara ja, iska tana kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen tumatir. Tun ina ƙarama nake tambayar inda ruwan namu yake ƙarewa. Wani malaminmu ya taɓa nuna mana a taswira cewa ya nufi wajen Haɗeja, ya watse a fadamu, ba ya kaiwa teku. Ranar haushi na ji, kamar ni aka hana zuwa.

A Kwanar Gafan muka iske Baffa Garba, autan Inna, yana zagaya rokarsa yana bubbuga taya. Tun jiya da yamma aka loda masa kwandunan tumatir na Legas. Muka yi sallar asuba, ya ɗaga Inna cak ya sa a gaba.

"Inna, tumatir ba ya jira," in ji shi. "Ba za mu riƙa tsayawa ba."

"Ni ma ba na jira, Auta. Ja mu tafi."

Shida saura kwata muka hau titi. Takwas muna Zariya, inda muka sha shayi da burodi na kwabo hamsin, wato ni da Baffa. Inna cewa ta yi a miƙo mata nata cikin mota, mu kuma mu sauka. Na leƙa ta gilashi, ta juya baya, ta ja mayafi har goshi, tana ci kamar mai sata. Haka take tun da na san ta. Ko Baba bai taɓa ganin tana tauna ba. A ajiye mata kwano a ɗaki, a ja labule, in an dawo a tarar da shi a wanke.

Na ce wa Baffa, "To wannan ce za ta ci abinci a gidan da mutane ke zaune birjik?"

"Ai sai a ba ta ɗaki," in ji shi. "Ke dai sha shayinki."

Goma muka ratsa Kaduna, bayan kusan kilomita tamanin. Ɗaya da rabi Birnin Gwari, muka yi azahar. Daga nan daji ya fara kauri, itatuwa suka yi tsawo, duwatsu baƙaƙe kwance a nesa kamar shanu masu hutawa. A wani shinge bayan Tegina ɗan sanda ya leƙo, ya ga tsohuwa da carbi a gaban motar tumatir, ya yi dariya.

"Mama, ke ma Legas za a kai ki a sayar?"

"Na wuce kasuwa, ɗana. Na nuna da yawa."

Ya ɗaga mana hannu muka wuce. Takwas da rabi muka shiga Mokwa, muka kwana a gidan wata Banufiya mai tuwo, abokiyar cinikin Baffa. Tabarma mai tsabta, ruwan wanka mai ɗumi, sauro kuwa kamar an aiko su.

Laraba: Mokwa zuwa Legas

Shida saura minti goma muka tashi. Bakwai muka hau gadar Jabba. Hazon ruwa ya kwanta a kan Kwara, fari fat, sai kan wani dutse kawai ake gani a tsakiya yana iyo a cikinsa. Wani masunci a tsaye cikin kwalekwalensa ya jefa birgi, ya buɗe a sama, ya sauka ba ƙara. Na ji kamar in ce wa Baffa ya kashe mota mu zauna nan har azahar.

A nan Inna ta yi magana, idonta a kan ruwa.

"Kwanon shuɗi ne, mai zanen kifi. Da zafinsa ta kawo. Har yau ina jin ƙamshin da ya fito ta gefen murfin."

"To me ya hana ki ci?" na ce.

"Ke 'yar boko, komai sai kin tambaya."

"Ai ke kika fara."

Muka sauka daga gadar. Sannan ta ce, "Matan unguwa sun cika ɗakina, kowa da abin da take faɗa. Wata ta ce maciji suke ci, wata ta ce kare. Na ji tsoron bakinsu." Ta ja carbi ɗaya. "Kuma na ji haushin ta rabo ni da shi. Ni na goya shi."

Baffa ya ƙara wa rediyo murya, ya ƙura wa titi ido.

Tara da rabi Ilori. Biyu Badun, garin da rufin kwanonsa ya yi ja ya bazu har inda ido ya tsaya. A nan na ci amala, zan kuma faɗi gaskiya, ban ga abin da ake yabo ba. Daga Badun zuwa Legas kusan kilomita ɗari da talatin ne, titi sumul, amma ruwan tumatir ya fara ɗiga ta bayan mota, Baffa yana ta tsaki. Biyar da rabi muka isa kasuwar da ake sauke kaya. Hayaniyarta ba zan iya rubutawa ba. Dillalin Baffa, wani Alhaji mutumin Garun Malam, ya sa aka kai mu gidansa a Agege. Matarsa ta ajiye wa Inna tuwon shinkafa da miyar kuka a ɗaki, ta ja mata ƙofa. Inna ta ce wannan mata ta san mutunci.

Alhamis: Legas zuwa Kwatano

Bakwai na safe muka shiga fijo mai zuwa boda, mu uku, Baffa ya bar roka a hannun dillali. Bayan Badagiri itatuwan kwakwa suka fara jerawa, iska ta canza, ta yi nauyi, tana ɗanɗanon gishiri a leɓe. Goma da kwata muna boda. Baffa ya shiga da takardunmu, mu kuma wani ɗan kwastan ya buɗe jakar Inna. Ya zaro ƙullin daddawa, ya shinshina, ya ja baya da sauri.

"Mene ne wannan, Mama?"

"Tsarabar ƙanwata ce. Mayar."

Na kalle ta. Ban taɓa jin ta kira matar da wannan suna ba. A gida matar Isa take cewa, in ta ga dama ta ce matar nan.

Daga boda zuwa Kwatano kusan kilomita talatin da biyar ne. A hagu, ta tsakanin kwakwa, na fara hango wani abu shuɗi-shuɗi da na ɗauka sama ce ta sauko ƙasa. Sai da na ga farin kumfa na gane. Na danƙe hannun Inna.

"Inna, teku!"

"Na gani. Sakar mini hannu, ba guduwa zai yi ba."

Sha biyu muka sauka a Zango, unguwar Hausawa. Muka nuna adireshin wasiƙar, wani mai shago ya ce, "Gidan Isa Soja? Allah ya jiƙansa. Ku bi nan har ku ji ƙamshi." Ya tare mana tasi.

Gidan Abincin

Ƙaramin gida ne mai koren taga, tebur takwas, fanka uku suna juyawa a hankali, labulen gora a ƙofar kicin. Ana jin rugugin teku daga ciki. Turawa biyu suna zaune a kusurwa, ga wani magidanci da iyalinsa suna cin abinci suna Faransanci. Wata mata doguwa, fara, mai ƙananan idanu da hancin gidanmu sak, ta taso daga bayan kanta. Ta kalli Inna, ta dafe ƙirji.

"Gwaggo?"

Maryama ke nan. Ta durƙusa har ƙasa, Inna ta dafa mata kai. Sai labulen gora ya motsa, wata 'yar tsohuwa ta fito, ba ta kai kafaɗata ba, gashinta fari a ɗaure a ƙeya, ta ɗaura zanin atamfa a kan baƙin wando. Kowa a nan Maman Maryama yake ce mata. Hausarta a hankali take fita, kamar tana taka duwatsu a rafi, amma ba ta tuntuɓe.

"Sannu da zuwa, Yaya. Kin tsufa."

"Ke ma haka. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Isa, ya sa ya huta."

"Amin."

Aka yi addu'a, aka shafa. Sannan Inna ta ce, "Abinci na zo ci."

Maman Maryama ta daɗe tana kallonta. Ta ja kujera a teburin da ke tsakiyar ɗakin, ba na gefe ba, ta ce, "Zauna, Yaya." Ta juya ga Baffa. "Kada ka damu da nama. Daga mahautan Zango nake saye. Tun ranar da muka buɗe Isa ya ce alade ba zai shiga kicin ɗin nan ba, bai kuma shiga ba."

Biyu saura kwata aka fara jera kwanuka. Na farko romon naman sa ne a babban kwano, garai-garai har ana ganin taliyar shinkafa fara a ƙasa, naman an yanka shi siriri kamar ganye, an watsa albasa mai lawashi. Ga faranti cike da ɗoɗɗoya da na'ana'a da yankan lemon tsami. Ga jatan lande manya, jajaye, gasassu, da gashin bakinsu da komai. Ga wasu naɗaɗɗun abubuwa soyayyu kamar 'yan yatsu, Gwaggo Maryama ta ce nem sunansu, naman ƙaguwa ne a ciki. Ga naman sa an yanka ƙanana an soya da albasa da masoro. Ga kifi guda a kwance cikin citta. Tururi yana tashi yana murɗawa a ƙarƙashin fanka, ƙamshin kirfa da kanumfari da wani abu da ban sani ba ya cika mini kai. Yawuna ya tsinke.

Maman Maryama ta tura kwanon romon gaban Inna. Sannan ta ja kujera ta zauna daidai gabanta, ta ɗora hannu biyu a cinya. Gwaggo Maryama ta zauna a gefe. Baffa ya rasa inda zai sa idonsa, ya sa a fanka.

Ba wanda ya taɓa komai.

Inna ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na san abin da take jira: a tashi a ba ta wuri. Agogon bango ya ci minti biyar, ya ci goma. Tururin ya rage, maiƙo ya fara kwantawa a kan romon. Turawan suka daina magana suna satar kallonmu. Na ga fuskar Maman Maryama tana rufewa a hankali, kamar ana ja wa shago ƙyaure. A minti na sha biyar ta miƙa hannu ta ɗauko murfi.

Na tuna da maganar Baba. Na tuna sarai. Sai dai kwana uku na yi a kan hanya, ƙugu na ciwo, kuma yunwa nake ji.

"Don Allah tsaya, Mama! Gwaggo, wai me kuke jira ne?"

"Ita muke jira," in ji Gwaggo Maryama a hankali. "A wajen Mama ba mai fara ci sai babba ya fara."

"To ita kuma ku take jira ku tashi! A garinmu ajiye wa baƙo ake yi a ba shi wuri. Matar nan ko a gaban ɗan da ta haifa ba ta taɓa tauna ba, ga shi nan ku tambaye shi. Ku ba ta ɗaki mana, kowa ya huta!"

Na zaci na warware komai. Maman Maryama ta juyo ta kalle ni, murfin yana hannunta.

"Na sani, yarinya. Bahaushe na aura. Wancan karon Isa ya koya mini, ya ce in ajiye in fita. Na ajiye, na fita. Kwanon ya biyo ni a rufe." Ta mayar da idonta kan Inna. "Yau ba zan tashi ba."

Na buɗe baki zan sake magana, Inna ta ce, "Rufe mana baki, Sa'a. Gaskiyarta."

Ta ɗago kai. Ta sa hannu biyu ta zame mayafin daga goshi zuwa kafaɗa. 

"Wancan karon ba kunya ba ce. Ƙi na yi. Na cuce ki, na cuci ƙanena. Maryama, ba ni ruwa in wanke hannu."

"Romon ya huce, Yaya. Bari in sake."

"Bar shi. Ni na sa ya huce."

Ta yi bismilla. A tsakiyar ɗaki, gaban Turawa biyu, da magidanci da iyalinsa, da autanta, da ni, Inna ta ɗaga kwanon nan da hannu biyu ta kai baki. Ta kurɓa. Ta ajiye, ta sa yatsu ta ciro nama da taliya, ta tauna, muna kallo. Kunnuwanta sun yi ja. Baffa ya tashi zai fita, ta ce, "Zauna, Auta. Kai ma ka gani."

Sai da ta ga ƙasan kwanon. Maman Maryama ta ajiye murfin, ta shiga kicin, ta dawo da tukunya tana tafasa, ta zuba wa kowa, ta fara da Inna. Da romon ya sauka kan ɗanyen naman da ta shimfiɗa mana a kwanuka, nan take ya canza launi a gaban idona.

Daga nan kuma ban san yadda zan ba ku labari ba. Na matsa lemon tsami, na yayyaga ɗoɗɗoya kamar yadda Gwaggo ta nuna mini, na kurɓa. Ba irin romonmu ba ne mai faɗa da harshe. Wannan lallaɓowa yake, ya zauna, sai can ka ji kirfa ta taso, citta ta biyo ta. Gwaggo ta ce tun asuba ƙashi yake kan wuta, ana kwashe kumfa, ba a bari ya yi tafasar hauka. Naman kuwa narkewa yake kafin haƙori ya same shi. Aka ba ni tsinke biyu irin nasu, na gwada sau uku, na jefar, na ce a ba ni cokali, ba wasa na zo yi ba. Nem ɗin ana naɗe shi a ganyen latas, a tsoma a wani ruwan kifi mai zaƙi da tsami. Warinsa daga nesa ya kori mutum, a baki kuma ba a son ya ƙare.

"Daddawarsu ke nan," in ji Inna, ta sake tsomawa.

Ta ɗauki jatan lande ɗaya ta gashin baki, ta jujjuya shi a gaban idonta.

"Wannan fa? Fara ce ta ruwa?"

"Kusan haka, Yaya."

"To ai mun san hannunta." Ta cire kai, ta cire ƙafafu, ta ɓare, ta jefa a baki. Ta lumshe ido. Baffa ya tuntsire da dariya har ya ƙware.

Fanka tana juyawa, teku yana ta numfashinsa a bayan bango, haske kore yana shigowa ta taga yana rawa a kan kwanuka. Na ji jikina ya saki, kamar ina kwance a kwalekwale. Sama-sama nake jin tsofaffin biyu. Inna ta tambaya da me ake taliyar, aka ce da shinkafa. Maman Maryama ta ce ita ma 'yar manoman shinkafa ce. A garinsu ruwa ne ko'ina, gona da sama launinsu ɗaya, mata a jere cikin laka har gwiwa suna dashe, kowace da malfa mai tsini, ɓauna tana jan garma, balbela a bayanta. Inna ta ce yanzu Bunkure ma haka take tun da aka kawo ruwa, rani da damina kore shar. Suka shiga gardamar tazarar da ake bari tsakanin dashe, kowace tana aunawa da tafin hannu a kan tebur.

Can Maman Maryama ta ɗauki yankan kifi mafi kyau ta sa a kwanon Inna.

"Duk shekara, in an sha ruwa, sai Isa ya ce bana Yaya za ta aiko. Kin makara da wata biyar."

Inna ba ta kare kanta ba. Hawaye ya gangaro ta gefen hancinta ya shiga kwanon. Ta ɗauki kifin ta ci.

Bayan la'asar mutanen Zango suka raka Baffa maƙabarta. Mu mata muka gangara bakin teku, tafiyar minti biyar. Na cire takalmi na shiga har idon sawu. Ruwan ya zo ya lashe ƙafata, ya janye yashin da nake tsaye a kai, na ji kamar duniya ce take zamewa. Babu gaɓa a ɗaya gefen. Jiragen ruwa uku a can nesa, tsaye cik, kamar an zana su. Da na waiwayo, tsofaffin suna zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, iska tana kaɗa mayafin ɗaya yana taɓa kafaɗar ɗaya.

Komawa

Juma'a muka wuni a can. Sau uku aka ci abinci, sau uku Inna ta zauna a teburin tsakiya. Asabar bakwai na safe muka yi sallama. Inna ta ce, "Ki zo Bunkure in an yanke shinkafa." Maman Maryama ta ce, "Na je sau ɗaya, Yaya." Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai rako mu har tasha, ta tsaya har motar ta sha kwana.

Sha biyu muna Legas. Baffa ya yi lodin manja da kwakwa, Lahadi da asuba muka kamo hanya, muka sake kwana a Mokwa wajen Banufiyar nan da saurayenta. Litinin biyar da minti ashirin na yamma roka ta tsaya a ƙofar gidanmu, yara suna ihu.

Baba ya ja ni gefe tun kafin in sha ruwa.

"Ta ci?"

"Ta ci, har ƙari."

"Ke fa, kin riƙe bakin?"

"A'a."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya shirye ni.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baffa Garba da ya haƙura da mu tumatirinsa yana ɗiga, da Alhajin Agege da matarsa, da mai tuwon Mokwa, da Gwaggo Maryama da ta ba ni gadonta. Allah ya jiƙan Isa Soja.

Ban gama kwance kaya ba Inna ta ƙwala mini kira. Na iske ta a bakin gado, ko mayafin tafiya ba ta cire ba.

"Ɗauko biro da takarda."

"Inna, yanzu fa muka sauka."

"Ɗauko na ce. Rubuta: zuwa ga ƙanwata Maman Maryama. Mun iso lafiya. Rubuta: romonki ya yi, gishiri daidai."

Na rubuta. "Shi ke nan?"

Ta yi ɗan tunani.

"Ki ce mata barkono ne dai bai ji ba. Zan aiko mata da namu ta hannun Auta."